Bubon ko Kure? Hajiya, ki kai yaran Bubon

Kin tambayi inda za ki kai yara yawon buɗe ido, Bubon ko Kure, ko kuma wata magangarar ruwa. Tsakanin biyun farko, Hajiya, Bubon zan ce miki, kuma ki daidaita da Laraba don ranar kasuwarsu ke ci. Daga Yamai kilomita 25 ne ko makamancin haka a kan hanyar Tillaberi, kafin yara su fara "yaushe za mu iso" kun riga kun sauka.

Mu da sanyi muka je, cikin Janairu, lokacin da kogin Isa, wato kogin Neja, ya cika ya batse da ruwan da ke gangarowa daga Gine. Kwale-kwale sai shigowa suke daga ƙetare ɗauke da kabewa da awaki, ga matan Zabarmawa sun jera randuna da tuluna masu zanen fari da ja a bakin gaɓa. Wata tsohuwa ta ga autana ya tsura mata ido, sai ta gutsuro yumɓu ta danƙa masa, ta kama hannunsa suka murza bakin wani ɗan kasko tare. Ba ta jin Hausa, shi ba ya jin Zabarmanci, amma da ƙyar muka raba su. Randar da na saya a wurinta har yau ita muke sha idan an ɗauke wuta, ruwanta ya fi na firji daɗi. Daga baya muka ɗauki jirgi muka zaga tsibirin da ke cikin kogin, muka hango dorina daga nesa, kunnuwa da hanci kawai a saman ruwa.

Kure kuwa, raƙuman dawa ne, ba a musu. Irinsu a Nijar kaɗai suka rage a duniya, daga kusan 50 a 1996 yanzu sun haura 600. Amma kilomita 60 ne a hanyar Doso, da rani kuma dabbobin na gangarawa kwarin Dallol Boso, sai ku wuni cikin ƙura da rana kuna bin sawu. Tun harin da ƴan bindiga suka kai can a Agustan 2020 ma ba wurin da mutum zai tashi kawai ya nufa da iyali ba ne.

Magangarar ruwa da kika sako a ƙarshe, ki ajiye zancen. Ta Timiya tana can cikin duwatsun Ayar, gaba da Agadas, ta Tapowa kuma tana cikin gandun dajin W, inda babu tsaro yanzu.

Abin da ba ki tambaya ba: a Bubon ki kula da samarin da ke tare mota tun kafin ki kashe inji. Za su ce jirgi jika kaza, in an dawo su ce ai kowane kai suke nufi. Ki yi ciniki da mai jirgin kansa, na jirgi sukutum zuwa da dawowa, kuɗi sai an sauka. Wanda ya ce zai kai ku dab da dorina don hoto, ki bar shi. A 2014 dorina ta kife jirgin ƴan makaranta a Libore kusa da Yamai, yara da dama suka rasu. Randa ma ki ƙwanƙwasa ta da yatsa, in ba ta yi ƙara rau ba to da tsaga a jikinta, an shafe da toka.

Ku fita da sassafe, ki tambayi direbobin layin halin da hanya take a ranar, kuma la'asar ta same ku a Yamai.