Zanen Pareto ko zanen sa ido a Excel?

Masana'antar da ake yawan dawo mata da kaya za ta iya yin zane iri biyu a Excel, kowanne da tambayar da yake amsawa.

Zanen Pareto yana jera matsaloli daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. A masana'antar kwalabe, misali, sai ka ga tsagewa da murfin da ba ya kamawa sun kwashe yawancin asarar. Tun Excel 2016 yana nan a shirye, dannawa ce kawai. Sai dai ba ya gaya maka yaushe matsalar ta soma.

Zanen sa ido, wanda Walter Shewhart ya ƙirƙiro a 1924, lokaci yake bi. Kana auna nauyin kwalba kowace awa, ka ja layin matsakaici, sannan iyaka sama da ƙasa a nisan sigma uku (sigma ita ce ma'aunin yadda awon ke bazuwa daga matsakaici). Ɗigon da ya tsallake iyaka alama ce wani abu ya sauya, ko a inji ko a kayan haɗi. Wannan ya fi amfani a ganina, amma da kanka za ka lissafa iyakokin. Kuma da yawa sukan saka iyakar da mai saye ya gindaya maimakon wadda awon ya fitar, sai zanen ya daina kama sauyin da aka yi shi dominsa.