Wasa dubu goma a kwali, goma sha biyu a falo: wata uku da sandar gem ta tsofaffin wasanni

Caja na je saya a kasuwar 'yan waya, na dawo gida da abin da ban yi niyya ba. A teburin wani yaro na hangi ɗan kwali mai hoton Mario da Sonic da wasu ƙartin 'yan dambe, an rubuta da manyan lambobi wai wasa 10,000 ne a ciki. Da ya ga na ja burki sai ya ce, "Alhaji, irin na zamaninku ne fa, har da mai tankar yaƙi." Ban je Makka ba, kuma ban ji daɗin yadda ya gano shekaruna da kallo ɗaya ba, amma zancen tankar nan ya kama ni. Muka yi ciniki, kuɗin bai kai na ƙaramar waya mai tocila biyu ba, na saka a aljihu.

Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa. Wata 'yar sanda ce da ta ɗan ɗara filashi girma, ana soka ta a ramin HDMI na bayan talabijin, wutarta kuma ta wayar USB take sha. Sai hannu biyu marasa waya, kowanne na cin ƙananan batir biyu, da ɗan mamori inda aka zuba wasannin. Babu sunan kamfani ko ɗaya, a kwali ko a jikin sandar. Haɗawa ba ta ci minti biyar ba.

Maganar dubu goma kuwa, duk wanda ya yi yarinta da kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ake rubuta wa jerin tara-tara a goshi, wai yawan wasannin da ke ciki ke nan, ya san labarin. Super Mario Bros. kaɗai na ƙirga shi ya fi sau ashirin: na Japan, na Amurka, wanda aka canza wa launin riga, wanda ake farawa daga duniya ta biyar, har da wani da aka cire Mario aka dasa wata dabba da ban gane ba. Ɗaruruwa sunansu da rubutun Sin ko na Japan yake, wasu ka danna allo ya yi baƙi ƙirin ya tsaya. Bayan wata uku na duba jerin waɗanda muke komawa kansu a gidan, goma sha biyu ne cif. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, in ka cire biyu, sauran duk wasannin mutum biyu ne.

Tankar na fara nema. Sunanta na gaskiya Battle City, kamfanin Namco ya fitar da ita a 1985 a kan Famicom, na'urar da Nintendo ya fara sayarwa a Japan a 1983. Mu kwafin na'urar muka sani, wadda ake sayarwa da hannu biyu da bindigar harbin agwagwa, kuma yawancinmu sigar da aka yi wa kwaskwarima mai suna Tank 1990 muka buga. Dokar wasan ba ta kai layi uku ba. Akwai mikiya a ƙasan allo, an kewaye ta da bulo. Tankokin abokan gaba ashirin ne a kowane mataki, suna ɓullowa daga sama. In harsashi ɗaya ya taɓa mikiyar an gama, ko da rayukanka na nan cike. Kuma harsashinka ma yana kashe ta. A nan daɗin yake. Na miƙa wa babban ɗana hannu na biyu, yaron da ya saba da wasannin waya masu hoto kamar fim, ya kalli allon ya ce, "Abba, wannan ai kamar zanen 'yan firamare ne." Kafin minti goma yana tsaye yana ihu in tare ɓangaren hagu. A mataki na huɗu ya juya da gaggawa ya fasa bulon gidanmu, ya harbe mikiyar da hannunsa. Irin kallon da na yi masa shi ne wanda yayana ya yi mini shekara talatin da suka wuce a kan wannan laifin dai, sai dai shi ya haɗa da ranƙwashi.

Na daɗe ina tunanin me ya sa wasan da hotonsa bai taka kara ya karya ba yake riƙe mutum haka. Ina ganin ƙarancin wuri ne ya tilasta wa masu yin su kaifin tunani. Super Mario Bros. na 1985, da matakansa 32 da kiɗansa da komai, bai wuce kilobayit 40 ba; hoton da kake turawa a WhatsApp ya fi shi nauyi. Wanda aka ba wa fili kamar tafin hannu ba zai yi gini da ɗakin da ba a kwana a ciki ba. Gajimaren da ke sama da ciyawar da ke ƙasa a wasan zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Babu dogon bayani, babu talla, babu wanda zai ce ka sayi lu'ulu'u kafin ka ci gaba. Ka faɗa rami, ka san laifinka ne.

Contra ta Konami, wadda ta zo na'urar gida a 1988, ita ta tona mini asiri. A ƙwaƙwalwata ni gwani ne. A zahiri rai uku ba su kai ni ƙarshen mataki na biyu ba. Sai yatsuna suka tuna abin da kaina ya manta, wato dabarar sirrin da ake dannawa don ƙara rai: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, rai talatin. A ɗaya daga cikin kwafin da ke sandar ya yi aiki, a sauran bai yi ba. A matakin da ake hawan dutse mai gangaren ruwa, in ɗaya ya yi saurin tsalle sama allon zai bi shi, na ƙasa ya mutu. Wannan ya jawo rigimar da sai da uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Wai tsakaninku wane ne yaron?"

Ita kuma Tetris ta ɗauke ta. Ban taɓa zaton za ta riƙe hannun gem ba. Siffofi bakwai ne kacal, kowacce murabba'i huɗu, Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro a Mosko zamanin Tarayyar Sobiyet. Ta ce ai jeren kwanuka ne a kabad, ba wani abu ba. Yanzu makinta ne a sama, kuma ba ta bari a manta.

Inda sandar ta fara ba ni haushi shi ne wasannin faɗa. Street Fighter II na Capcom, na 1991, wasa ne na daidaiton lokaci: ƙasa, ƙasa da gaba, gaba, naushi, Ryu ya saki wutarsa. Hannun da aka haɗo mini da shi maɓallin juyawarsa lagwai-lagwai ne, ka danna ƙasa da gaba ya ji gaba kawai, sai ka ga jaruminka ya taka ya kai kansa mahallaka. Ga kuma ɗan jinkiri tsakanin dannawa da motsi, wanda ba ka lura da shi a Tetris amma a nan shi ne bambancin ci da faɗuwa. Rabin laifin na talabijin ne. Na zamani suna ɗan riƙe hoto su gyara shi kafin su nuna, saboda haka da na shiga saiti na kunna yanayin gem abin ya ragu sosai. Ragowar rabin na hannun ne, musamman in batir ya fara sanyi, kuma yana sanyi duk kwana huɗu ko biyar. Daga baya na samo tsohon hannu mai waya na soka, sai wutar Ryu ta dawo fita yadda na santa. Mortal Kombat na 1992 ya fi haƙuri da mugun hannu, amma shi sai yara sun kwanta nake taɓa shi. Jinin da ke cikinsa na cikin abin da ya sa majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan wasannin bidiyo a 1993, aka kafa hukumar sanya musu shekaru a 1994. Mu a lokacin babu wanda ya tambayi shekarunmu a gidan gem, naira biyar ɗinka kawai ake dubawa.

Wani abu ya ɗaure mini kai a makon farko: Sonic ya yi mini sauri, kiɗan ma kamar ana korar makaɗin. Ashe ba tsufa ba ne kaɗai. Talabijin ɗinmu na da tsarin Turai suke bi, hoto 50 a daƙiƙa, na Japan da Amurka kuwa 60. Wasanni da yawa ba a daidaita su ba, don haka Sonic ɗin da muka sani a Sega ya fi na asali nawa da kusan kashi ɗaya cikin shida. Sandar sigar Amurka take kunnawa. Wato duk gwanintar da muka yi ta taƙama da ita a unguwa, da ragi muka same ta.

Harbin agwagwa yana cikin jerin amma ado ne, domin bindigar Duck Hunt da tsohuwar talabijin mai ƙusumbi take aiki, ba ta ganin allon zamani, kuma ba a ma saka bindiga a kwalin ba. Wasannin dogon labari irin su Final Fantasy na gwada, na ajiye inda na tsaya bayan dare uku, aka ɗauke wuta ana tsakiyar ajiyewa, komai ya tafi. Tun ranar fawa banki nake jona wa sandar, kuma na kwafe mamorin a kwamfuta, don irin wanda ake haɗowa da shi ba abin dogaro ba ne.

Babban takaicina ƙwallo. Kwalin ya yi alƙawarin wasannin PlayStation ta farko, kuma suna nan, amma ƙarfin sandar bai kai ba. Winning Eleven, wasan da ya cinye mana kuɗin tara a ƙarshen shekarun 1990, yana tafiya yana tsayawa, muryar mai sharhin Japananci tana sarƙewa kamar kaset ya kama zare. Duk wanda ya buga shi ya san Tijani Babangida, ɗan Kaduna da ya taka leda a Ajax: ka ba shi ƙwallo a gefen dama ka danne maɓallin gudu, mai tsaron baya sai dai ya karanta lambar rigarsa. A sandar nan Babangida yana gudu kamar mai ciwon ƙugu. Wasan faɗa na Tekken 3 ma haka. Duk abin da ya kai Sega da Super Nintendo zuwa ƙasa yana tafiya sumul, abin da ya haura nan kuwa sai a hankali. International Superstar Soccer Deluxe na 1995 shi ya share mini hawaye, akwai Najeriya a ciki, duk da sunayen 'yan wasan na ƙirƙira ne.

Ya kamata in faɗi wannan ma: wasa dubbai a farashin nan, ba sunan kamfani, ba sai an gaya maka cewa ba da izinin masu su aka zuba su ba. Masu abin sun fitar da nasu na halal, Nintendo da ƙaramar NES (sunan Famicom a Amurka da Turai) mai wasa 30 a 2016, Sega da Mega Drive Mini mai wasa 42 a 2019. Talatin da aka zaɓa da hankali sun fi mini wannan tarin tsintsiya, in da zan same su cikin sauƙi da kuɗin da aljihuna zai ɗauka.

Wanda ke neman Tekken ko Winning Eleven kada ya ɓata kuɗinsa. Wanda kuma yake da abokin zama a gida, ɗa ko ƙane ko mata, ya saya, ya ƙara da hannu mai waya, ya gyara saitin hoto ya daina miƙe Mario kamar an taka shi da mota.

Ranar Juma'ar da ta wuce yayana ya zo gaishe da Hajiya ya biyo ta gidana. Ya tarar da mu a Streets of Rage 2, ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa girma ya kama mu amma ba mu sani ba. Na sauya zuwa tanka ban ce komai ba. Da kiɗan farawa ya tashi sai ya cire hula ya ajiye a kan kujera, ya ce wa ɗana, "Kawo hannun nan, ubanka bai taɓa iya tsaron mikiya ba." Mun kai mataki na goma sha ɗaya kafin a kira magariba, kuma shi ya harbe ta.