Gashin ƙashi ga wanda ya tsira daga tashin hankali: sharhi kan wata cibiya a Kano

Cibiyar da nake son yin bayani a kanta ƙarama ce mai zaman kanta, ɗakunan duba marasa lafiya biyu da falon motsa jiki guda, kuma ma'aikatanta suna da rajista da MRTB, hukumar da ke ba masu wannan aiki lasisi a Najeriya. Na san ta ne ta dalilin kawuna, wani direba da 'yan bindiga suka riƙe a daji hannuwansa ɗaure ta baya. Sawun igiya ya warke, hoton ƙashi bai nuna karaya ba, amma kafaɗunsa da gadon bayansa suka ci gaba da ciwo har ya fara dogara da tramadol. A wurin likitoci, ciwon da ya haura wata 3 yana ci ko yana dawowa ya zama ciwo mai daɗewa, kuma sau da yawa jijiyoyi ne ke ci gaba da kai saƙon haɗari bayan naman jikin ya warke, musamman ga mutumin da firgici ya hana shi barci.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda likitan gashin ya fahimci cewa taɓa jikin irin wannan mutum ba ƙaramin abu ba ne. Bai taɓa tsayawa a bayansa ba tare da ya sanar da shi ba, bai nemi ya kwanta rub da ciki ba a farkon zuwansa, kuma kafin ya ɗora hannu sai ya ce, "Baba, zan riƙe kafaɗarka ta dama, in ka ji ba daɗi ka ce in tsaya." Bai kuma matsa masa ya ba da labarin daji ba. Wanda aka yi wa dole a kan jikinsa yana buƙatar ya ga cewa ikon jikin ya dawo hannunsa, kuma a ganina wannan ladabi ya yi aikin da na'ura ba za ta yi ba.

Akwai na'urorin, har da TENS mai aika ɗan lantarki ta fata, da jakar ɗumi, sai dai sauƙinsu na ɗan lokaci ne, kuma ma'aikatan ba su ɓoye hakan ba. Ginshiƙin maganin shi ne motsa jiki da ake ƙara wa nauyi sannu a hankali, da koyon numfashi mai zurfi, da raba aikin yini domin kada mutum ya ƙure kansa ranar da ya ji dama sannan ya kwanta washegari. Ciwon kawu bai gushe gaba ɗaya ba, amma yanzu yana ɗaga hannu ya sa riga da kansa, yana kuma yin ruku'u ba tare da ya dafa bango ba.

Cibiyar tana da nata rauni. Labule ne kawai ke raba gadaje, don haka na kusa yana jin duk abin da ake faɗa, wanda ba ya dacewa da mutanen da ke ɗauke da irin wannan labari. Mace ɗaya ce a cikin likitocin, matan da ba sa son namiji ya taɓa su kuwa sai su yi doguwar jira. Babban giɓin shi ne rashin mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa: da maganar mugun mafarki da rage tramadol ta taso, takarda kawai aka rubuta mana zuwa wani asibiti, mu muka bi sauran hanyar da kanmu. Ana kuma biyan kuɗi a kowane zama, saboda haka wanda ke zuwa daga nesa ya kamata ya nemi a koya masa atisayen gida tun farko, a kuma tazarta ranakun dawowarsa.