Maganar solar ɗin Inna

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya damina? Ina fatan gero ya fara fidda kai. A gaida Inna da Baba Malam da sauran mutan gida.

Naji saƙon muryar da ka turo kan solar ɗin nan, wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Fanka ɗaya da ƙwai biyu fa kawai muke nema Inna ta daina kwana tana fifita, ace sati uku batir ya mutu murus. Na koma na ƙare wa hoton tallar kallo, wai garanti shekara biyar, orijinal ɗan Jamus, har da cewa ba a taɓa dawo musu da kaya ba. To ina za a dawo musu dashi tunda ba shago ba adireshi, lambar waya ce kawai a Facebook kuma ka ce tun ranar da ka kira kan batirin a kashe take. Ban ga laifinka ba, nima da na gani sai da nace maka ka saya.

Kuma kar ka ɗauka nan Ingila ba a zuga kaya. Ana yi sosai, nima na taɓa faɗawa. Sanyin bara na ga tallar wata ƴar hita kamar tafin hannu, wai kana jona ta a soket ɗaki ya ɗau ɗumi kuma kuɗin wuta ya ragu, ni kuma lokacin kuɗin gas ya ishe ni sai na danna na biya. Da tazo na kunna, Yaya, kaskon wutar da Inna ke sawa ƙarƙashin gado da hunturu ya fi ta sau goma, ƙafa ɗaya take ɗumamawa ɗayar tana rawar ɗari.

Abinda ya cece ni dokarsu ce. In ka sayi abu ta intanet kana da kwana 14 daga ranar da ya iso hannunka ka ce ka fasa, ba sai ka faɗi dalili ba, ko kalar ce bata maka ba. In kuma kayan ne da matsala, dokar 2015 ta baka kwana 30 ka mayar a baka kuɗinka cas. Na maida ta kwalinta na kai gidan waya, kuɗin aikawa dai ni na biya, bayan ƴan kwanaki sai ga alat.

Akwai kuma wata hukuma ASA, tun 1962 take, aikinta sa ido kan talla. Ƙa'idarsu itace duk abinda ka faɗa a talla sai kana da hujja a hannu tun kafin ka fitar, kace garanti to ina sharuɗɗan, kace naka yafi na kowa to waye ya gwada. Mutum ɗaya ma zai iya kai ƙorafi kyauta, duk Laraba suna fitar da hukunci da sunan kamfani ɓaro-ɓaro a ce ya cire tallar. Amma fa basa karɓo maka kuɗi, kuma in mai kayan a wata ƙasa yake zaune sai dai ka haƙura, wani ɗan Katsina da muke aiki tare haka aka masa da takalmi har yau shiru.

Mu ma ai a Najeriya muna da FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, da ARCON mai sa ido kan talla, ba wai babu ba, sai dai mutumin da ko sabis sai ya hau tudun bayan makaranta yake samu, ta ina zai fara?

Ni abinda na gani, mai tireda a kasuwar Maigatari da ba ya rubuta komai yafi wancan mai shekara biyar ɗin, don ranar Alhamis mai zuwa kasan rumfarsa, kasan wa zaka haɗa shi dashi in yayi gardama.

Ƙarshen wata insha Allah zan sake turo wani abu. Wannan karon ka daure ka shiga Kano da kanka, Sabon Gari, ka tafi da yaron nan mai gyaran wuta na Gumel ya gwada batirin a gabanka, su rubuta watannin garantin a rasit da hatimin shago. Farantin solar ɗin kuma kar ka bari yara su hau kai, ina jin shi lafiyarsa ƙalau.