Shafin sunayen jarirai na gwamnatin Amurka: na gwada shi da sunan Madison

Cikin wuraren da ake neman bayani kan sunan jariri na Turanci, wanda na fi yarda da shi ba shi da wani ado. Na hukumar Social Security ne, wato hukumar da ke ba mazauna Amurka lambar da ake aiki da karɓar fansho da ita. Hedikwatarta tana Woodlawn, kusa da Baltimore, ba nisa da inda nake zaune. Kyauta ne, ba talla, ba a ce sai ka yi rajista. Akwai akwatin da za ka rubuta suna, ka zaɓi na mace ne ko na namiji, sai ya jero maka matsayin sunan shekara bayan shekara. Shi ke nan.

Alƙalumansu daga takardun neman katin hukumar suke fitowa, kuma yawancin iyaye tun a asibiti suke cike takardar. Duk Bahaushiyar da ta haihu a ƙasar nan ta san wannan rigimar: mu muna jiran ranar bakwai a yanka rago, ma'aikaciya kuwa tana tsaye da biro tana so a faɗi suna kafin sallama. To waɗannan takardun ne ake tarawa a ƙirga. Lissafin ya koma baya har 1880, kuma duk watan Mayu ake fitar da na shekarar da ta wuce.

Abin da ya kai ni can shi ne jikar wata abokiyar aikina da aka sa wa Madison. Na yi niyyar yin barka da ɗan firam ɗin nan da ake buga sunan yaro da ma'anarsa a ƙasa. Wani kanti na intanet ya nuna mini samfur, ga furanni ruwan hoda, ga rubutun zinare, wai ma'anar sunan "kyautar Allah". Sai raina bai kwanta ba, na ce bari in bincika tukuna.

Shafin hukumar ya nuna mini abin da kantin bai faɗa ba. Kafin 1985, Madison ba ya ma cikin sunaye dubu da aka fi sa wa 'ya'ya mata a Amurka. A shekarar ya shigo, daga nan ya dinga hawa kamar ana tura shi. Ƙarshen shekarun 1990 ya shiga goman farko, a 2001 da 2002 ya kai na biyu, Emily kawai ke gabansa. Ya jima cikin goman nan, sai wajen tsakiyar shekarun 2010 ya fita daga cikinsu, yanzu Olivia ce ke riƙe da kambun mata tun 2019, Liam kuma na maza tun 2017. Idan kana gangarawa da yatsa a kan jerin, ido da ido kake ganin yadda suna ke tashe ya kuma lafa, ba sai wani ya yi maka sharhi ba.

Dalilin tashen ba a shafin yake ba, amma sananne ne. A 1984 aka fitar da fim ɗin Splash, inda wata 'yar ruwa ta fito birnin New York, ana neman sunan da za a kira ta, ta ɗauki na titin Madison Avenue da aka gani a allo. A fim ɗin abin dariya aka mai da shi, don a lokacin ba wanda ke ɗaukar sa sunan mace. Iyaye suka fito daga silima suka mai da wasa gaske. Shi kuwa titin yana ɗauke ne da sunan James Madison, shugaban Amurka na huɗu, wanda ya yi mulki daga 1809 zuwa 1817, kuma saboda shi ne babban birnin jihar Wisconsin ke amsa wannan suna.

Asalinsa dai sunan dangi ne daga Ingila. Guntun "son" da ke ƙarshensa ɗa namiji yake nufi, kamar a Johnson da Jackson. Masana sunaye suna cewa ko dai ɗan Maud ne, wato Matilda, sunan da ke da alaƙa da ƙarfi a fagen yaƙi, ko kuma ɗan Matthew. Ta nan kantin ya samo "kyautar Allah", don ita ce ma'anar Matthew a Ibrananci. Ba ƙarya tsagwaro suka yi ba, sun dai tsallake kalmar "ɗan" suka ɗauki mai daɗin ji. A wurinmu kamar a raɗa wa yarinya Ɗanladi ne, duk gari su ce kai, sunan ya yi mata kyau. Firam ɗin dai na saye shi, amma na ce su buga sunan kawai, su bar ƙasan fari.

Ga inda shafin ya gaza. Na farko, ba ruwansa da ma'ana ko asali, adadi kawai ya sani, sauran sai ka nema a wani wuri. Sannan kowane salon rubutu zaman kansa yake: Madison daban, Maddison daban, Madisyn daban, alhali a aji malama duk kira ɗaya za ta yi musu. Don haka suna kan fi yawa a kunne fiye da yadda matsayinsa ke nunawa. Irin wannan matsalar ta fi shafar sunayenmu. A Ingila da Wales, ofishin ƙididdigarsu ya nuna Muhammad ne sunan da aka fi sa wa jarirai maza a 2023, kuma ba a ma haɗa masa da Mohammed da Mohammad ba.

Akwatin binciken sunaye dubun farko kawai yake dubawa. Na rubuta Fatima ta fito, Aisha ta fito, Amina ma haka. Na rubuta Hauwa, shiru. Mai son ya kai ƙasa sai ya sauke manyan fayilolinsu ya buɗe a kwamfuta, kuma ko a can, sunan da bai kai yara 5 ba a shekara ba a saka shi, don kare sirrin mutane. Lissafin shekarun da can baya ma sai a hankali, domin da yawa cikin waɗanda aka haifa kafin 1937 ba su taɓa neman katin ba.

Wanda zai fi cin moriyarsa shi ne mai zama a Amurka da ke son sanin yara nawa za su waiga idan aka kira sunan 'yarsa a filin wasa. Irin wannan mutumin kada ya tsaya a jerin ƙasa baki ɗaya, ya buɗe na jiharsa, don abin da ake yayi a Texas ba lallai shi ake yi a Maryland ba.