Na huta da neman roka a gonar masara

Duk wanda ya taɓa harba ƙaramar roka ta masu sha'awa mai injin H (harafin na nuna ƙarfin injin) ya san tashin ba shi ne wuya ba, saukowar ce. In laimar da ke sauko da rokar a hankali ta buɗe tun a ƙololuwa, iska ta samu abin wasa, kai kuma sai ka bi ta da ƙafa. Filin da muke harbi a nan Amurka gonakin masara ne suka kewaye shi, kuma a watan Agusta masarar ta fi mutum tsayi. Roka guda na bari a ciki, har yau ban gan ta ba.

Hanyar da manya suka saba ita ce saki biyu: ƙaramar laima a sama, babba in an kusa ƙasa, kowacce da ƙullin albarushi da na'urar auna tsayi ke tayarwa. Tana aiki, amma sai ka keɓe wa wayoyi da batir wuri a cikin rokar. Ni kuwa ɗakin haya nake, ajiye albarushi bai kwanta mini ba.

Shi ya sa na sayi Chute Release na kamfanin Jolly Logic. 'Yar na'ura ce da ba ta cika tafin hannu ba. Za ka naɗe laimar, ka ɗaure ta da roba, ka zaɓi tsayi tsakanin ƙafa 100 zuwa 1,000. Injin zai turo laimar waje a sama kamar kullum, amma tana nan a ƙudundune, rokar na faɗowa da sauri. Na'urar na bibiyar matsin iska, da an kai tsayin da ka zaɓa sai ta saki robar. A 500 nake barinta. Da USB ake yi mata caji.

Sau shida na yi amfani da ita, biyar rokar ta sauka ina kallonta. Na shidan kuwa laifina ne: ina ta surutu da wani dattijo, na rufe rokar ban kunna na'urar ba. Laima ba ta buɗe ba, fiffike biyu suka karye. Yanzu da alƙalami na rubuta "kunna" a jikin hancin rokar.

Abu ɗaya dai, ba ita ke raba rokar don laima ta fito ba, aikin injin ne. In ka yi kuskuren lissafin jinkirin injin, wato daƙiƙun da yake jira kafin ya turo laimar waje, ba ruwanta.