Wata shida a makarantar koyon kod: da don Malama ce kaɗai, da tauraro biyar na ba su

Shekara bakwai na yi ina zaune a rumfar MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a Aboabo da ke Kumasi. Tun da aka shigo da harajin e-levy kan tura kuɗi ta waya a watan Mayun 2022 mutane suka fara ɗari-ɗari da tura kuɗi, ciniki ya ja baya, ni kuma na soma neman wata sana'ar. Abin da ya kai ni makarantar nan ta koyon gina manhajar intanet da ke can wajen Tech, unguwar jami'ar KNUST, ke nan, wadda tallanta ya cika WhatsApp.  Kuɗin makarantar kashi uku na biya, na ƙarshen sai da babur ɗina ya tafi, ga tsohuwar laftof da na saya a Adum.

Wata biyun farko lafiya lau. HTML, CSS, sai JavaScript, harsunan da ake gina shafin intanet da su. Ba ni da ƙorafi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne a wata na biyar. An ce kowa ya gina aikin kansa, ni kuma na zaɓi littafin bashin Gwaggona, mai shagon kayan masarufi a Asawase. Littafin ya tsufa, bangonsa duk manja, kuma ita kaɗai ke iya karanta shi. Na yi sati uku ban yi barcin kirki ba, na haɗa fuskar manhajar da React, bayanta da Node.js, kayan aikin JavaScript ne duka biyun. Ranar wata Asabar na kai mata, shago cike da mutane. Ta ce in gwada da ƙaramin lissafi: sidi 1.10 da sidi 2.20. Na danna. Allo ya nuna 3.3000000000000003.

Gwaggo ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ɗana, wannan jelar lambobin fa? Wa zan ce wa ya biya ta?" Ta jawo littafinta ta ɗora a cinya. "Kuɗin mutane amana ne, ba a gwaji da shi." Ba da faɗa ta faɗa ba, amma wallahi har na hau turotoro jikina a sanyaye yake. Ni da na yi shekara bakwai ina ƙirga kuɗin jama'a ban taɓa ɓatar da pesewa ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na sidi.

Na tura wa babban malaminmu saƙo. Sai bayan kwana biyu ya amsa, layi ɗaya: in datse lambar kawai. Amma mataimakiyarsa, wato Malamar da nake faɗa, wadda ta gama KNUST ba da daɗewa ba, a daren ta kira ni bayan isha'i. Ta ce, "Yaya, ba kuskurenka ba ne, buɗe kwamfutar mu gani." Ta fi minti arba'in a waya da katinta. Ta ce kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lamba, kuma a wannan tsarin kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa, kamar yadda kashi ɗaya cikin uku yake zama 0.333 ba iyaka a lissafinmu. Dole ta yanke shi a wani wuri, ragowar ce ke fitowa a matsayin jela. Magani shi ne kada ka taɓa ajiye kuɗi da ɗigo: ajiye komai a pesewa, 110 da 220 su ba ka 330, sai lokacin nunawa a allo ka raba da 100. Ta ce ko Paystack, kamfanin karɓar biyan kuɗi ta intanet, ma a pesewa yake karɓar adadin kuɗi. Kafin ta ajiye waya ta leƙa GitHub ɗina, shafin da muke ɗora kod, ta ga na ɗora fayil ɗin da makullin sirri ke ciki a fili, kowa na iya gani. Ta sa na canza makullin nan take, ta nuna mini yadda ake hana irin fayil ɗin hawa da .gitignore. Allah ya saka mata da alheri.

Da a daren nan na rubuta sharhi, da yabo kawai za ku karanta. Amma da na kwana na tashi sai abin ya fara ci mini rai. Wata huɗu cur muna zuwa aji, ba wanda ya taɓa ambaton wannan, a ƙasar da kusan duk manhajar da za ka gina sai ta taɓa kuɗi. Git, mai ajiye tarihin canje-canjen kod, wanda kullum mai wannan aiki ke amfani da shi, yamma ɗaya aka ba shi. React kuwa sati uku, kuma rabinsa kwafa muke daga allo ba tare da an ce ga dalili ba. Idan ka yi tambaya sai a ce za mu dawo kanta. Ba a dawowa. An ce mana akwai janareta, amma sau uku aka ɗauke wuta muka koma gida, ba a rama darasin ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne alkawarin aiki. A tallan sun ce za su haɗa mu da kamfanoni. Abin da muka samu zauren WhatsApp ne da ake turo tallan aikin Accra, kusan duk ana neman mai gogewar shekara biyu ko uku. Ganawa ɗaya da na samu, da kaina na nemo ta, kuma mutumin ko kallon takardar shaidar bai yi ba. GitHub ɗina ya buɗe, ya tambaye ni me ya sa na ajiye kuɗi a pesewa. Amsar Malama na ba shi. Har yanzu ina jiran kiransu.

Tauraro uku na ba su, biyu daga ciki nata ne. Mai niyyar barin sana'arsa ya zo nan, ya fara yin wata biyu a freeCodeCamp, shafin koyon kod a intanet, kyauta ne sai kuɗin data, ya ga ko zuciyarsa na ɗauka. Kada ya rufe shagonsa tukuna. In kuma ya je biya, ya tambaya ko Malamar tana nan, don na ji ana cewa Accra na nemanta.

Na gyara manhajar na sake kai wa Gwaggo. Yanzu ƙanwata ke shigar mata da bashin a waya kowace yamma, ita kuma tana bi a littafi tana dubawa. Sati shida ke nan lissafin biyu bai saɓa ba.